Tunda Kana Zaune

Gidan ba na masu hali ba ne, amma ba a taɓa kwana da yunwa a cikinsa ba. Akwai Yaya, maigidan, mai shagon kayan gini a bakin titi. Akwai matarsa, ma'aikaciyar wani ofis, wadda kullum take fita a makare, jaka a kafaɗa, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu. Akwai Inna, mahaifiyar Yaya, wadda ciwon gwiwa ya kayar, ba ta iya miƙewa sai an kama ta. Akwai 'ya'ya biyu: yarinya 'yar firamare da ake kira Rediyo, don magana ba ta kwana a cikinta, da ƙaninta mai rarrafe. Na ƙarshe shi ne Auta, ƙanin Yaya, wanda ya gama karatun aikin lantarki tun Rediyo ba ta iya sa riga da kanta ba, kuma har yau bai sami aiki ba.

Gidan ba direba, ba mai raino, ba mai jinya, ba yaron shago, ba mai gyaran famfo. Shi kuwa Auta abu guda ya rasa. Sai rashin gidan da rashin Auta suka haɗu suka dace da juna, kamar tukunya da murfinta.

A gaskiya ba mai yi masa tsawa. Roƙonsa ake yi cikin ladabi, kuma kowane roƙo da kalmomi iri ɗaya yake farawa.

"Auta, tunda kana zaune, ɗauki babur ka miƙa yarinyar nan makaranta," in ji Yaya. "In ka dawo ka leƙa shago, zan je ganin wani."

"Maigida ƙarami," in ji matar Yaya, don haka take kiransa in tana da bukata, "tunda kana zaune, ga yaro nan, madararsa na cikin firij. Wankin nan ma ɗan kaɗan ne."

Daga ɗaki kuma Inna za ta ɗaga murya: "Auta, tunda kana zaune, zo ka matsa mini ƙafar nan."

Wata safiya Rediyo tana cin burodi ta ɗaga kai ta dube shi. Bokiti ne a hannunsa na dama, yaro a na hagu, makullin babur a tsakanin haƙoransa.

"Mama, Baffa fa a tsaye yake."

"Ba irin wannan zaman ba. Ci burodinki."

"To wane iri?"

"Irin na wanda ba shi da aiki."

Rediyo ta sake duban bokitin, ta dubi uwarta, ta ci gaba da cin burodinta.

Neman aiki kuwa Auta bai fasa ba. Yana da farar riga guda da ba ya taɓawa sai ranar intabiyu, a goge take, a rataye bayan ƙofa cikin leda. Wata rana aka kira shi wani kamfani, sai ranar ta faɗo daidai da ranar allurar rigakafin yaro.

"Ai hanya ɗaya ce," in ji matar Yaya, tana ɗora masa jakar kayan yaro. "Ku fara biyawa asibiti, minti nawa ne? Ni in na sake makara, oga zai cinye ni ɗanya."

Ba hanya ɗaya ba ce. Layin asibitin kuma ya yi tsawo har ya karya kwana. Kafin a zo kansu rana ta take, ba halin komawa gida, don haka Auta ya wuce kamfanin da yaro a kafaɗa, bulumboti yana leƙowa daga aljihun wandonsa. Sakatariyar da ke bakin ƙofa ta sauke tabarau ta ƙare musu kallo.

"Wane ne mai neman aikin a cikinku?"

"Ni ne, ranki ya daɗe. Shi rakiya ya yi mini."

"To ku duka kun makara, an tashi tun ɗazu. Kuma ka duba kafaɗarka."

Ya duba. Yaro ya yi masa tumbuɗi daga wuya har aljihu.

Da ya ba da labari a gida, Yaya ya yi dariya har da hawaye, ya ce a maimaita masa maganar sakatariyar. Matar Yaya ta ce, "Ayya, Allah sarki," ta kuma tambaya ko an rubuta ranar allura ta gaba. Inna ta ce ba rabonsa ba ne. Shi ya wanke rigar da kansa, tare da sauran wankin.

Wurin shan iskarsa ɗaya ne, wani benci a gefen rumfar mai gyaran waya, inda 'yan uwansa masu jiran aiki suke haɗuwa. Ba ya zuwa sai in an aike shi, shi ya sa kullum da ledar tumatir ko tukunyar gas yake isowa. Kowa a bencin nan da dabararsa. Akwai wanda ya daina nuna takardar digirinsa, don an gaji da ce masa ya fi ƙarfin aikin. Akwai wanda ya yi ta rage shekarunsa har ƙaninsa ya girme shi. Suna da kwat guda ta gayya, wadda take yi wa wasu yawa, take matse wasu, amma duk mai intabiyu ita yake sawa. Shugabansu shi ne wani da suke kira Manaja.

"Ga mai raino ya iso," in ji Manaja. "Yau ina ka baro oganka?"

"Yana barci. Matsa mini in huta."

"Auta, dube ni da kyau. Ni ma ba ni da aiki, amma wa ya taɓa aikena sayen albasa? Gari na wayewa nake ɗaura nektayi in ɗauki jaka in fita. Maƙwabta sannu da aiki suke yi mini. Jiya har wani ya roƙe ni in samar wa ɗansa gurbi."

"Me ka ce masa?"

"Na ce ya kawo takardu, za mu duba."

"Wai me ke cikin jakar nan ne?"

"Gorar ruwa da tawul. Sirrin ofis ne, kada ka faɗa wa kowa."

Auta ya ajiye tukunyar gas ya miƙe ƙafa. "Ni abin da ya ishe ni, ko'ina ka je sai su ce suna son mai gogewa. A ina zan goge in ba a ɗauke ni ba?"

"Kai kuwa ai ka goge," in ji mai gyaran waya, bai ɗago daga aikinsa ba. "Tukunya nawa ka goge yau?"

Aka yi dariya, har da shi. Sannan Manaja ya ciro waya ya nuna masa wata sanarwa. Wani kamfanin haɗa wutar sola ne yake ɗibar matasa, zai horar da su kuma ya riƙe su. Sau ɗaya suke ɗiba a shekara. Sharaɗinsu, kada mutum ya kai shekara talatin.

Auta ya yi lissafi. Kafin ɗibar baɗi zai cika talatin.

"Ka rage mana," in ji wanda ƙaninsa ya girme shi. "Ba zafi."

"Ban iya ba. In aka tambaye ni sai in daburce."

"To ka ga wannan ce motarka ta ƙarshe," in ji Manaja. "Ranar gwaji kada ka gaya wa kowa a gida. In ka faɗa, wallahi da akuya za su haɗa ka wannan karon."

Auta ya ji shawara. Ranar gwaji ya ce maganin Inna ya ƙare a kemis na kusa, sai an shiga gari. Ya roƙi maƙwabciya ta riƙe yaro, ya biya benci ya ɗauki kwat. A kamfanin aka ba kowa wayar wuta da batir da faifan sola, aka ce ya haɗa. Yana fara haɗawa hannunsa ya tuna abinsa. Kwan fitilarsa ya kama tun wasu ba su gama fere waya ba.

"A ina ka taɓa aiki?" in ji mai kula da gwajin.

"A gida, yallaɓai."

"To, za mu kira ka. Ka bar wayarka a kunne."

Bai manta da maganin Inna ba, ya sayo a hanyar dawowa. Amma murna ta fi ƙarfinsa, da aka zauna cin abincin yamma sai ya faɗa musu komai.

Yaya ne ya fara magana. "Hawa rufin mutane da tsani, shi ne aikin? Da karatunka? Ka yi haƙuri mana. Na gaya maka na yi wa wani babban mutum maganarka, ofis zai sa ka, mai kujera mai juyawa."

"Yaya, wannan babban mutumin tun Rediyo na aji ɗaya ake maganarsa."

"Manya ai ba a yi musu gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa."

"Yanzu kullum za ka riƙa fita ke nan?" in ji Inna. "To wa zai riƙa ɗaga ni? Kai kaɗai ne hannunka ba ya ci mini jiki."

"Da safe zan yi miki komai kafin in fita, Inna."

Matar Yaya ta ce, "Allah ya sa alheri," amma idonta yana kan yaro, da ganin fuskarta ka san tunanin safiyar Litinin take yi.

Ba a daɗe ba yaro ya rarrafa ya ɗauki wayar Auta daga kan tabarma, ya jefa ta cikin bokitin wanki, ya tafa hannu. Mai gyaran waya ya buɗe ta, ya girgiza kai, ya ce sai dai a yi mata addu'a. Yaya ya ce ƙarshen wata zai saya masa sabuwa, bai dai faɗi wane wata ba.

"Ba su lambata mana," in ji matar Yaya. "Ai duk gida ɗaya ne."

Auta ya yi godiya, ya kira kamfanin da wayarta, suka rubuta lambar.

Daga nan kwanakin suka ƙara nauyi. Yaron shagon da Yaya yake cewa zai ɗauka ba a sake maganarsa ba. Famfo ya fashe, Auta ya gyara. Ruwan sama ya zubo ta rufin ɗakin Inna, Yaya da kansa ya riƙe masa tsani ya hau ya liƙe. Auta ya rame, wandonsa ya fara neman a ƙara wa bel huda. Benci ma ya daina zuwa, don aiken ya yi yawa har ba sarari a tsakani. Kowace yamma in matar Yaya ta dawo, zai karɓi jakarta ya ce, "Anti, ba a kira ba?" Ita kuma ta ce, "Shiru, maigida ƙarami."

Ranar da aka kira ba ya gida. Yaya ya ce tunda yana zaune ya je ya tsaya a kan masu sauke siminti. Rediyo tana kwance tana wasa da wayar uwarta sai ta yi ƙara, ta amsa, ta danna lasifika kamar yadda ta saba, ta kai wa uwar inda take wanke shinkafa.

Muryar wata mata ce. "Daga kamfanin sola ne. Sunan ɗan gidanku ya fito. Amma da yake an ɗan daɗe, muna tambayar kowa kafin mu rufe: har yanzu yana zaune ne, ko ya sami wani abin yi? Don akwai masu jira."

Matar Yaya ta dubi kwandon wanki. Ta dubi yaro yana jan labule. Ta dubi ƙofar ɗakin Inna. Ba muguwar mace ba ce. Ta gaji ne kawai, kuma ta saba.

"A'a, ai ba a zaune yake ba," ta ce. "Wallahi yanzu ko lokacin kansa ba shi da shi."

"To madalla. Sai mu ba na bayansa. A gaishe shi."

Ma'anar sauran maganar ta bi ta bayan kunnen Rediyo, abu ɗaya ta kama, bakinta har kunne.

"Mama, ashe kin sani."

"Na san me?"

"Baffa ba a zaune yake ba."

"Wannan maganar manya ce. In na ji ta a bakinki, ke da wayar nan har abada."

Rediyo ta ɗauka kunyar yabonsa uwarta take ji. Karo na farko a rayuwarta ta haɗiye magana, maganar ta zauna mata a ciki kamar ta ci ɗanyen wake. Da Auta ya dawo, gashinsa fari da ƙurar siminti, ya ce, "Anti, ba a kira ba?" sai matar Yaya ta ce, "Ka san halin kamfanoni," ta juya tana motsa miya.

Mako ya zagayo, wani ma ya kama hanya. Wata Asabar abokin Yaya ya zo gaisuwa. Auta ya kawo musu ruwa, ya juya zai fita, baƙon ya ce, "Wannan ba ƙaninka ba ne? Me yake yi yanzu?"

"Yana nan yana zaman kashe wando," in ji Yaya. "Ka san yaran yanzu, ba sa son wahala. Mu dai muna ta haƙuri, ɗan uwa ai ba a yar da shi."

Rediyo ta sami baffanta a bayan gida, gaban tulin kwanuka, soso a hannu, ba ya wankewa, ya zuba wa kumfa ido. Ta tsuguna kusa da shi. Ta yi ƙoƙarin riƙe bakinta, amma tausayi ya fi tsoron rasa waya ƙarfi.

"Baffa, kada ka damu da maganar Baba. Mama ta yabe ka."

"Ni? Yaushe aka yi wannan abin tarihi?"

"Ta ce ba a zaune kake ba. Ta ce ko lokacin kanka ba ka da shi. Har da wallahi."

Ya yi murmushi, ya lakace mata hanci da kumfa. "Wa ta gaya wa?"

"Wata mata a waya. Ta kamfanin sola. Matar ma ta ce madalla, ta ce a gaishe ka."

Murmushin ya tsaya a fuskarsa bai san inda zai je ba. Ya ajiye soso a hankali. Bai ɗaga mata murya ba, ya ce ta faɗa masa tun daga farko, kuma da yake Rediyo ce, ta faɗa kalma da kalma, har da yadda matar take jan murya.

Ranar Litinin, bayan ya sauke ta a makaranta, ya wuce kamfanin. A harabar ya ga waɗanda aka ɗauka, da hulunan kwano sababbi, ana koya musu yadda ake kafa tsani. Matar da ta yi waya ta saurare shi har ya gama. Ta nuna tausayi sosai.

"Mun kira lambar da ka bayar, aka ce kana da abin yi. Gurbin ya tafi, har sun yi nisa da horo. Sai dai ɗibar baɗi."

"Baɗi na cika talatin, ranki ya daɗe."

Ta ce Allah ya kawo wani.

Da yamma ya jira kowa ya zauna, ya yi maganar a natse, kansa a ƙasa. Rediyo ta lafe a bayan Inna.

Matar Yaya ta harari 'yarta, sannan ta gyara zama. "To, tsakani da Allah, ƙarya na yi? Kana zaune ne? Tambayata aka yi, na faɗi gaskiya. In na ce kana zaune, ai ka ce na raina ƙoƙarinka."

"Anti, shekara da shekaru kina cewa ina zaune."

"Wannan ai maganar cikin gida ce. A gaban bare kuma sai in tona maka asiri?"

Ya juya wajen Yaya. Yaya yana ta gyara agogon hannunsa.

"Ta gaya mini tun ranar," in ji shi. "Na ce barin ya fi alheri. In ka faɗo daga rufin wani, wa za a kira? Ni ne. Kuma me ka rasa a gidan nan? Ci ne ko sha? Bari dai babban mutumin nan ya dawo daga tafiya."

"Yaya, ko sunansa ba ka taɓa faɗa mini ba."

"Manya ba a yawo da sunansu."

"Ka yi haƙuri, ɗan autana," in ji Inna, ta kamo hannunsa ta ɗora a kan gwiwarta mai ciwo, kamar da gangan, kamar ba da gangan ba. "Rabon kwaɗo ba ya hawa sama. Naka yana nan ƙasa, zai zo ya same ka har gida."

Auta ya sunkuya. Ya matsa mata gwiwar, ya kwashe kwanuka.

Washegari da safe ya yi wanka, ya ciro farar rigar daga leda ya sa, ya ɗauko kujerar roba ya dasa a tsakar gida, ya zauna, ya ɗora ƙafa ɗaya kan ɗaya.

Yaya ya fito yana sauri. "Auta, tunda kana zaune..."

"Ina zaune, Yaya."

"Ɗauki babur ka..."

"Ai ka faɗa. Ina zaune."

Yaya ya tsaya yana kallonsa kamar kujerar ce ta yi magana. Matar Yaya ta fito da takalmi ɗaya a hannu. "Maigida ƙarami, yau kuma wasan me ake yi? Yaro ya ɓata jikinsa."

"Allah sarki. Da ina da lokacin kaina da na taimaka."

Abin da ya biyo baya sai wanda ya gani. Ba wanda ya san inda safar Rediyo take. Ba wanda ya san cewa sai an ɗaga murfin tanki an daki bututun kafin famfo ya kawo ruwa. Yaya ya ɗauki 'yarsa a mota ya kai ta ƙofar makarantar da ta bari tun bara, ita kuma ta bari sai da ya tsaya sannan ta gaya masa. Matar Yaya ta kira ofis da muryar marar lafiya ta ce zazzaɓi ya kwantar da ita, yaro yana tsala ihu a bayanta. Da ta je ɗaga Inna, ana jiyo tsohuwar daga ɗaki: "A hankali, 'yar nan, ba buhun siminti ba ne."

Auta yana zaune. Rana ta zagayo kansa, ya ja kujera zuwa inuwa, ya sake zama. Maƙwabciya ta leƙo ta ce ko lafiya, ya ce lafiya lau, aikin da aka san shi da shi yake yi.

Da aka tashi daga makaranta Yaya ya manta da Rediyo. Ta jira har harabar ta watse, daga baya ta biyo wasu yara a ƙasa. A hanya igiyar takalminta ta tsinke, ta iso gida tana jan ƙafa, ga yunwa, ga zufa. Gidan yana warin ƙonanniyar shinkafa. Uwarta tana kicin da yaro a baya, tana faɗa da murhun gas da ya ƙi kamawa. Rediyo ta tsaya gaban kujerar, ta turo baki.

"Baffa, ba ka zo ba."

"Ban zo ba."

"Gobe fa?"

Ya gyara zama a kujerarsa. Ta shige ɗaki ta jefar da jaka da ƙarfi don ya ji.

Inna kuwa tun safe ba ta sake kiran surukarta ba, hannun ya ishe ta. Ba ta kuma kira Auta ba. Can sai aka ji motsin gado, aka ji sanda tana laluben ƙasa. Sannan aka ji sandar ta faɗi ta gangara, da wani nishi mai nauyi.

"Auta," in ji Inna, a hankali. Ba ta ƙara komai a kai ba.

Ya rufe ido. Ya riƙe hannuwan kujerar kamar zai karya su. Sannan ya tashi ya shiga ɗakin. Ya same ta rabi a gado rabi a ƙasa, ya tallabe ta, ya kai ta ƙofar banɗaki, ya jira, ya dawo da ita, ya gyara mata matashi. Da ya fito, farar rigar ta yamutse, man zafi ya ɓata mata gaba.

Matar Yaya ta leƙo daga kicin, fuskarta ta washe kamar an kawo wuta.

"Yauwa, maigida ƙarami. Tunda ka tashi, ɗan duba mana gas ɗin nan."

Auta ya dubi kujerar, ya dubi kicin. Ya fara naɗe hannun riga.

Rediyo tana bakin ƙofa. Wani daɗi ne ya cika mata ciki tun lokacin da ta ji ƙarar kujera, don ta san gobe za a kai ta makaranta a kan lokaci, za a kuma ɗauko ta. Sai ta duba hannunta, ta ga tsinkakken takalminta. Ba ta san lokacin da ta ɗauko shi ba. Har ta buɗe baki za ta bi layi bayan uwarta, sai ta ga fuskar baffanta yayin da yake wucewa. Ba fushi a cikinta, ba dariya. Fuskar mutum ce da ya daina jiran kira.

Ta ɓoye takalmin a bayanta. A ranar Rediyo ta gane cewa a gidansu ba wanda yake so Baffa ya sami aiki, kuma ita ma tana cikinsu.